Rana Ba Ta Kai Ƙofa Ba

Rabah, 12 ga Zulƙida

Zuwa ga taubashina Malam Ƙasimu, mai koya wa ɗiyan Wurno lissafi.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hauwa'u da yara. Mu nan lafiya lau. Maigidana Isa yana gaishe ka, ɗinkin Sallah ya fara rufe shi. Ni kuwa na yi nauyi, ciki ya shiga wata takwas, in na zauna sai an miƙo mini hannu. Ka yi haƙuri da ajamina, na san ku 'yan boko sai kun matse ido kafin ku karanta rubutun iyayenku.

Sale mai jakai, wanda ke kai gishiri Goronyo, ya biyo ta Tsaga ya kawo mini labarin Kaka Habi. Jikinta ƙalau, bakinta ma ƙalau, har ta aiko a gaya mini na cika haihuwa. Amma idanun sun tafi. Farar yana ta rufe su duka biyu, sai dai ta gane haske da duhu.

Ka san abin da wannan ke nufi, ko da yake Wurno na sa mutum mantuwa, don haka bari in tuna maka. A Tsaga ba mai gasa tumu, ba mai sa sabon gero a baki, sai ranar da rana ta fito daidai tsakanin duwatsun nan biyu na gabas da ake kira Ƙofa. Wanda zai tsaya gindin tsamiya ya gani ya faɗa wa gari, sai ɗan gidan da aka binne cibiyarsa a gindinta. Kaka ta yi shekara arba'in tana tsayawa. Mainasara da ke riƙe da gidan yanzu ɗan ƙanen mijinta ne, a Tursa aka haife shi. Ni jikarta ce, amma tawa cibiyar tana nan Rabah. Na ƙirga na sake ƙirgawa, duk duniya saura cibiya biyu a gindin tsamiyar nan masu su na da rai: tata, da ta jikan wanta, wato kai, wanda aka haifa kafin ubansa ya kwashe iyali ya tafi karatu Wurno.

Ba ta ce in rubuto maka ba. Sale ya ce da ya tambaye ta wa zai duba bana, shiru ta yi ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Wannan shirun ne ya hana ni sukuni, Ƙasimu, don ban taɓa jin Kaka ta rasa amsa ba.

Ka je ka ara mata idanunka.

Taubashiyarka, Fatsuma

Wurno, 20 ga Agusta, 1951

Zuwa ga Fatsuma, uwar surutu.

Takardarki ta iso, na karanta ba tare da na matse ido ba. Muna lafiya. Hauwa'u ta ce Allah ya raba lafiya, yara suna gaida Baba Isa. Labarin idon Kaka ya taɓa ni ƙwarai. Zan aika mata da zane da goro ta hannun Sale.

Sauran maganar kuwa, kin san inda nake zaune. Nan garin malamai ne, kowane lungu da makarantar allo. Babban malaminmu, Malam Atiku, mutum ne da ko hular yaro ta karkace sai ya ji dalili. In tashi in ce masa a ba ni izini za ni ƙauye in yi aikin arna? Ubana bai bar Tsaga don ya huta ba, ya bar ta ne don kada a ƙara kiranmu jikokin masu tsafi. Na sha wannan gorin ina yaro har na daina faɗin sunan garinmu.

Ban manta ba, kada ki ce na manta. Ina da shekara shida Kaka ta ɗora ni kan faifan dutsen nan, ta manna bayana da tsamiya, ta riƙe mini haɓa ta ce kada in motsa. Na tuna sanyin dutsen a tafin ƙafata. Na kuma tuna jan zakara da aka yanka, da tulunan giya na tsofaffi, kuma waɗannan ba zan tsaya kusa da su ba ko da wa ya roƙe ni.

Ai mutanen Tsaga duk suna sallah yanzu. Mi zai hana su shiga gonakinsu su ci abin da suka noma? Ki gaya mini gaskiya, ko akwai wanda ya damu da abin nan ban da ita?

Wace rana ce ma ake yi? Tambaya kawai na yi, kada ki ɗora mini komi a kai.

Ƙasimu

Rabah, 22 ga Zulƙida

Malam Tambaya-Kawai, gaisuwa. Muna lafiya, ƙafafuna ne suka kumbura kamar tulu.

Zakara da giya sun daɗe da tafiya. Tun rasuwar kakanka ba a ƙara yanka ko fara ba. Abin da ya rage, a kashe wutar murhu a kunna sabuwa, a rataye zangarniya uku a tsamiya, Kaka ta zuba gumba a ƙasa, sai kiɗi da kokawa da cin tumu har ciki ya yi ciwo. Ba wanda ya ce ka zuba komi. Dubawa kawai za ka yi ka faɗi abin da ka gani. Ladanin unguwarku ba kullum yake duba inuwa kafin ya kira azahar ba? Wa ya taɓa cewa inuwa yake bauta wa?

Ka tambaya ko wani ya damu. Suna sallah, suna azumi, suna yi wa Kaka dariya a bayan ido, amma ka je ka nemo mini mutum ɗaya da ya taɓa gasa tumu kafin ta yi magana. Ko limamin garin bai yi ba. In ba a sami mai dubawa ba bana, wasu za su ci da fargaba, wasu su zauna da yunwa, ita kuma ta zauna a ɗaki tana jin ƙamshin tumun da ba ita ta buɗe ba. Daga nan abin ya ƙare, a hannunta, tana raye.

Ranar kuwa, bara na je, kuma daidai da Babbar Sallah ta faɗo. Da safe aka duba Ƙofa, aka wuce idi, aka haɗa tumu da naman layya. Ban taɓa ganin Tsaga cikin daɗi irin na ran nan ba.

Zanen da goron ka riƙe su, ka kai da hannunka.

Fatsuma

Wurno, 29 ga Agusta

Fatsuma,

Lafiya muke, Allah ya sauƙaƙa kumburin. Ai da kin fara da maganar Sallah da ba mu ɓata takarda ba. In ranar Sallah ce, abin ya zo da sauƙi. Muna da hutu daga jajibere har Lahadi, Litinin mu koma aji. Na gaya wa Malam Atiku za ni yin Sallah wurin kakata da ta makance, har ya yaba mini da zumunci. Ban yi masa ƙarya ba, ban dai ƙarasa maganar ba.

Na tsara komi. In isa Talata, in duba Laraba da asuba, mu yi idi, in kwana biyu, in dawo ba wanda ya san an yi. Maganar ladani ta shige ni, amma kada ki sa a ranki kin kayar da ni.

Na saya wa Kaka zane baƙi mai ratsin fari na masaƙan garin nan. Hauwa'u ta ce mi ye amfanin ratsi ga wadda ba ta gani, na ce za ta ji shi da yatsa.

Ƙasimu

Rabah, 2 ga Zulhajji

Ƙasimu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Na karanta takardarka na dafe kai. Cewa na yi bara ta faɗo ranar Sallah, ban ce kullum ba. Kai da ke koya wa yara lissafi! Sallah wata take bi, Ƙofa kuwa rana. Wata yana rigan rana da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ko tsohuwar da ba ta san alif ba ta san azumi yana zagayawa daga rani zuwa damina. In ka je ranar Sallah za ka tarar rana ba ta ko kusa.

Ka koma wurin Malam Atikunka ka nemi izini na bayan Sallah da kwana goma sha ɗaya. Laifina ne da ban fayyace ba, na ɗauka da mai ilimi nake magana.

Sale zai tashi gobe. An ce gulbi ya cika ya tumbatsa, Allah ya sa ya sami fito.

Fatsuma

Tsaga, ta Goronyo, 14 ga Satumba

Fatsuma,

Barka da Sallah. Ina lafiya, Kaka lafiya, Mainasara da iyalinsa suna gaishe ku. Takardarki ta biyu ga wata yau ta same ni, a nan Tsaga. Ruwa ya tsare Sale da jakansa kwana shida a Tursa, ya isa Wurno na riga na tafi, Hauwa'u ta ce ya biyo ni da ita. Na karanta ta a gindin tsamiya, kuma ba abin da ta gaya mini wanda rana ba ta riga ta gaya mini ba shekaranjiya. Ki yi dariyarki, na ba ki izini.

Bari in ba ki labari daga farko. Da na yi sallama, Kaka ta gane ni kafin in faɗi suna, wai muryar wanta ce sak. Ta shafa fuskata, ta ce na yi ƙiba irin ta masu zama kan kujera. Zanen ta bi shi da yatsa ratsi bayan ratsi, ta ɗaura nan take a kan na jikinta. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba ta tambaye ni mi ya kawo ni ba, ni ma ban faɗa ba. Bayan sallar asuba kawai na ji sandarta a bakin ɗakina.

Faifan dutsen yana nan, da ramin da dugadugan kakanninmu suka ci a jikinsa. Na hau, na manna baya da tsamiya. Rabin gari sun biyo mu da kayan idi, don labari ya bazu ɗan Wurno ya zo buɗe baki. Rana ta fito ja wur, can hagu da Ƙofa, a kan kafaɗar dutsen arewa. Na miƙa hannu na auna, yatsu uku cur.

"Ƙasimu, mi kag gani?" in ji ta.

Na ce ba ta kai ba, saura yatsu uku.

"To, ukku na. Mu tahi idi."

Shi ke nan abin da ta ce. Mutane suka watse, wata mata ta ja tsaki har na ji.

Fatsuma, ba ki gaya mini halin rumbunan garin nan ba, wataƙila ba ki sani ba. Bara ba ta yi kyau ba. Gidaje da yawa tafasa da rama suke kwaɗantawa, naman layya ne ya ɗan rufa asiri. Ga gero kuwa ya yi kai ya sunkuya, yara suna wucewa ta gefen gona suna haɗiyar yawu. Jiya da hantsi Mainasara ya ja ni bayan rumbu. Mutumin kirki ne, kin sani, shi ke ci da ita shi ke sha da ita.

"Malam, tsohuwag ga ba ta gani," in ji shi. "Yatsa ukku mi na na? Gobe ka ce ta kai, ɗiyanmu su ci, kai ko ka koma ga aikinka. Wa za ya sani?"

Na bar shi nan bayan rumbun na tafi. Yau da asuba na hau dutsen da niyyar in faɗa. Wallahi da niyyar na hau. Sai ta ɗago fuska wajena da fararen idanun nan tana jira, kamar yaro mai jiran a karanta masa takarda. Na ji bakina yana cewa ba ta kai ba.

Litinin ake komawa aji. Rana kuwa kowace safiya ba ta matsawa fiye da faɗin kanta, ita ba ta san da Malam Atiku ba. In na tafi na bar makauniya a gindin tsamiya. In na zauna ban san ko zan tarar da kujerata ba. Ke da kika jefa ni ciki, mi kika ce?

Ƙasimu

Rabah, 15 ga Zulhajji

Taubashina,

Barkanmu da Sallah. Na yi dariyar, har Isa ya ce in bi a hankali kada in haihu a kan tabarma. Daga baya kuma na daina.

Ba zan ce maka zauna ba, ba zan ce tafi ba. Ba ni ke ciyar da Hauwa'u da yara ba. Abu ɗaya na roƙe ka: in za ka tafi, ka gaya mata za ka tafi, ka ce rana ba ta kai ba kuma ba za ka iya jira ba. Wannan za ta iya ɗauka. Kada ka sa mata rana inda babu ita.

Isa ya ɗora wa Sale buhun dawa guda daga rumbunmu, a ba Mainasara ya raba inda ya fi tsanani. Kada ka yi fushi da shi, yunwar ɗiyansa ce ta yi magana.

Na san takardar nan ba za ta iso ba sai Litinin ta wuce. Duk inda ta same ka, zan gane amsarka daga inda Sale ya ce ya miƙa ta.

Fatsuma

Tsaga, 24 ga Satumba

Fatsuma,

A Tsaga ta same ni, kin ji amsa. Muna lafiya, lafiyar da ta fi ta kullum, don ina rubutun nan haƙorana na ciwo saboda tumu. Dawar ta iso a kan gaɓa, Mainasara ya ce a gaya wa Isa Allah ya saka.

Ranar Asabar ta bayan Sallah na zauna rubuta wa Malam Atiku. Na fara da cewa jikin Kaka ya tashi. Na dubi layin, na ga na ƙi yi wa makauniya ƙarya ga shi zan yi wa mai ido. Na yage. Na rubuta masa cewa mutanen garinmu ba su cin sabon gero sai rana ta fito tsakanin wasu duwatsu, kakata ce ke dubawa ta makance, ni ne na rage, kuma na yi kuskuren lissafi da kwana goma sha ɗaya. Na sa sunan Tsaga ɓaro-ɓaro a sama. Shekara ashirin rabon da in rubuta shi.

Daga nan kullum asuba ni da ita. Masu rakiya suka yi ta raguwa har ya zama mu biyu da akuyar wani. Na samo gawayi ina zana inda rana ta fito a jikin allon katako, ita kuma tana ba ni labarin waɗanda suka tsaya kafin mu, sunayensu bakwai, har da wata da ta tsaya da goyo a baya. Na lura da wani abu kuma. Geron da na murza ranar Sallah ruwa-ruwa ne, madara ce a ciki. Da an buɗe baki ran nan, da mayunwata sun cinye rabin gonakin ɗanye kafin girbi. Na gaya mata haka ina jin na gano wani abu, ta ce ai ba sai an je Wurno ake sanin wannan ba.

Shekaranjiya Asabar gefen rana ya taɓa bakin Ƙofa. Na sanar, aka aika ƙauyuka, mata suka hau daka, aka ɗaure ganguna. Jiya Lahadi kowane gida ya kashe wutar murhunsa tun kafin sallah, gari duka ya fito, har da limami da ya tsaya can nesa ya ba mu baya yana jan carbi. Na hau dutsen na ɗaga kai. Fatsuma, hadari! Baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, ko duwatsun da ƙyar nake gani. Kwana goma sha ɗaya, da aikina da mutuncina, ga abin da aka ajiye mini.

Gari ya waye a hankali ba rana. Ta tambaye ni mi na gani, na ce ban ga komi ba, hadari ya rufe.

"Ban tambaye ka hadari ba. Mi kas sani?"

Na dubi allona. Ga layukan da na zana a jere, kowane ya matsa dama da na jiya daidai gwargwado, na ƙarshe a bakin Ƙofa. Na ce ban gan ta ba, Kaka, amma tana ciki.

Sai ta yi dariya har sanda ta kusa kuɓuce mata.

"Ubana cikin shekara goma bai hi ganinta sau huɗu ba ran nan. Damana ta, ɗana, an taɓa damana ba hadari? Wanda yat tsaya kullum shi ka sani. Hwaɗa musu."

Na juya na faɗi kalmomin da ta koya mini, cewa rana ta shiga Ƙofa, baki ya buɗe. Kafin in rufe baki guɗa ta riga ta tashi.

Mainasara ya buga ƙyastu ya kunna sabuwar wuta, mata suka yi ta ɗiba a kasko suna gudu gida da ita. Kaka ta yanki zangarniya uku da hannunta, ni na rataye su don ni ne dogo. Gumba ita ta zuba. Ta yi bisimilla, ta kira sunayen nan bakwai, ta ce ga rabon ƙasa. Ban zuba ba, ban ce amin ba, na dai riƙe mata gwiwar hannu kada ta faɗi, kuma Allah ya ga abin da ke raina. Tumun farko ita aka ba, ta tauna da dasashi ta miƙo mini sauran. Na biyu kuwa ina waigawa na gan shi a hannun limami, ban san lokacin da ya iso ba.

Da hantsi ruwa ya sauko, ba wanda ya shiga ɗaki. An yi kokawa cikin taɓo, an yi kiɗin noma, tsofaffi mata sun kewaye Kaka suna rawa tana tsakiya da zanenta mai ratsi. Mainasara ya zo ya kama hannuna, sannan ya kayar da ni a gaban jama'a, wai ai taubashin matarsa ne ni ta wani wajen. Yara sun ci har sun kwanta a zaure da baƙin baki.

Da na je sallama yau, ta ce in zo baɗi, in kuma bar wata ya yi harkarsa. Sannan ta ce abu ɗaya ne ke damunta, bayan ni ba kowa. Nawa yaran kuwa duka a Wurno aka haife su.

Gobe zan kama hanya. Ga tumu cikin ƙyalle, ki ci a madadin mu. Ki yi mini addu'a wajen Malam Atiku.

Ƙasimu

Rabah, 8 ga Muharram

Zuwa ga Malam Mai Rana,

Kada ka yi mamaki, Sale ya gaya mini sunan da ɗalibanka suka laƙa maka. Ya ce Malam Atiku ya wanke ka tas a gaban malamai, ya ba wani ajin manya da ka daɗe kana so, ya mayar da kai wurin ƙanana. Na ji zafin wannan, ban raina shi ba. Amma ya ce an ga allon gawayinka a ofishinsa, kuma ya tambaye ka yadda aka auna. Ka gaishe shi, ka ce baɗi ya ba ka izini da lissafin Satumba.

Yanzu nawa labarin. Tumunka na ci da yamma, washegari na sauka. Mace ce, lafiyayya, da baki kamar na mai sunanta, don ranar suna Isa ya raɗa mata Habi. Ni ma lafiya, ina ta shan kunun kanwa ina wankan jego.

A cikin takardar nan akwai ƙullin farin ƙyalle. Kada ka buɗe a gaban yara. Cibiyarta ce, ta faɗi kwana shida da haihuwa. Ungozoma ta miƙa hannu za ta binne a bayan ɗaki, na ce ta ba ni. Na yi shawara da Isa, ya ce shi maɗinki ne, bai ga laifin a ajiye ƙyalle inda za a neme shi ba.

Na aika an tambayi Kaka ko cibiyar ɗiyar jika mace tana karɓuwa. Ta ce tsamiya ba ta taɓa tambaya ba, amma sai mai cibiya a wurin ne zai haƙa. Ka ga ba ni da wani ɗan aike sai kai. Ranar hutunka ta farko ka tafi Tsaga. Kafin ka sa a rami, ka ɗora mata a tafin hannu ta ji.

In Habi ƙarama ta shekara shida zan kawo maka ita. Kai za ka ɗora ta kan dutsen, ka riƙe mata haɓa, ka ce kada ta motsa.

Taubashiyarka, Fatsuma